Mai Ƙanƙara da Hanya Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da ƙanƙara a Mabera,
cikin buhun algarara da dusar katako,
kullum ina tsere da rana, kullum tana cin rabonta.
Yau Luba, autata, mai jinyar tsofaffi a ƙasar sanyi,
ta aiko mini hanya biyu cikin waya:
"Baba, zaɓi ɗaya. Kuɗin jirgin ruwa na wuyana."

Na sa tabarau. An ɗauke wuta tun azahar,
injin yana tari a bayan shago.

Ta farko, in ji ta, kwana bakwai ce,
jirgi na ratsa tsakanin tsibirai
a ruwa kwance kamar nono a ƙwarya.
Dutsen ƙanƙara ɗaya za a gani, a tsaya masa rabin yini,
a juyo a sauka inda aka hau.

Ta biyu ba ta dawowa ta inda ta bi.
Arewa take yi, sai ta fita fili,
inda teku ba shi da bango ko maƙwabci.
Can akwai babban, wanda tsawonsa
ya fi daga nan zuwa Wurno,
yana ɓantarewa da kansa, yana faɗawa ruwa da tsawa.
Amma igiya na jijjiga hanji,
kuma hazo kan rufe shi, a biya kuɗi a ga fari kawai.

Ni da iyakar ruwana gadar Kwalkwalawa!
Sau ɗaya na shiga kwalekwale, shekarar ambaliya,
na riƙe gefensa har farcena ya karye.

Na tambayi Ige tana tankaɗen gero.
Ta ce, "Tsoho da hawan jini, mi kaka nema ga igiya?
Ɗauki mai kwanciya, ka dawo mini da ƙafafunka."
Na gangara bakin Rima wajen Dikko masunci,
ya daɗe yana kallon hoton, ya juya wayar sama da ƙasa,
ya ce, "Ruwan da ya yi shiru ma yana da nasa.
Ni dai ban taɓa jin an kama giwan ruwa a gefe ba."

Da dare na kasa barci, na hau lissafi.
Bulo nawa ke cikin dutse guda?
In an sare shi naira ɗari biyar-biyar,
azumi nawa zai shayar da Sakkwato?
Wa ke sayen man da ke riƙe shi?
Na yi dariya ni kaɗai, har Ige ta motsa.
Ashe akwai inda ake ƙanƙara babu inji, babu bashi,
babu yaro mai kuka ta narke kafin Gidan Dare.

Da asuba Luba ta kira, wajenta dare ne.
Cikin hira ta ce, "Masu zuwa duk shekara
sun ce duwatsun nan suna ja da baya."
Sai na tashi zaune.
Wannan yaren na san shi.
Na san ɗigon farko a ƙasan buhu,
na san yadda bulo ke ramewa ana kallo,
na san ba a ce wa ƙanƙara jira ni.

Na ce, "Rubuta ta biyu.
In hazo ya rufe shi, zan ji shi da kunne,
ni da na san kukan ƙanƙara in ta tsage.
In cikina ya juya, ki tanadi lemun tsami."

Ige ba ta ce komai ba.
Da hantsi na ga ta fito da tsohon bargon Makka
tana kakkaɓe shi a tsakar gida, cikin zafin bazara,
maƙwabta na leƙowa ta katanga.